Hantsin da Katangata Ta Yi Shiru

Ɗis, ɗis, ɗis. Randar da aka kawo ni da ita ce ta tsage a gindi, take ɗiga a bayan ƙofar madafi. Kwana da kwanaki ina jin ƙarar, ina cewa gobe zan liƙe ta da siminti. Ranar da na gaji na jawo randar gefe, sai na tarar da ɗan tsiro a daidai inda ruwan yake sauka. Ganye biyu ne kacal, kowanne da siffar zuciya irin wadda muke zanawa a bayan littafi muna sakandare. Na kai hannu zan cire shi ke nan na ji murya ta saman katanga.

"Ke amarya, bar shi! Me ya yi miki?"

Maƙwabciyata ce, Mama Rahila, ta hau turmi tana yi wa furenta aski. Wata bakwai ke nan da aurena. Unguwarmu, Fadaman Mada, ba ta cika haka ba a lokacin. Bayan layinmu lambu ne da itatuwan mangwaro har bakin rafi. Ita Mama Rahila mutuniyar kudancin jihar nan ce, mijinta ya rasu, ta yi shekaru tana shara da ban ruwa a wani gidan mishan. Daga katangar can ta samo irin, shi ya sa har yau furen mishan muke ce masa. Yaɗo yake yi kamar kabewa, yana kama katanga da 'yan siraran hannaye, furensa ruwan hoda, jere kamar sarƙa. Ƙwaya ɗaya ce ta faɗo daga nata ta tsallako gidana, randata ta shayar da ita.

Na kawo wannan labari ne saboda ku 'yan yanzu. Makon jiya wasu 'yan mata biyu daga jami'ar da ke Gubi suka yi sallama, suka zagaya tsakar gidana suna ɗaukar hoto. Ɗaya ta ce, "Mama, ai wannan ba wuya. Ƙasa ce a leda. Koya mana kafin Juma'a, mu sa a waya mu riƙa sayarwa." Na ba su ruwa suka sha. Na miƙa wa mai maganar rariya na ce ta fara tankaɗe min wancan tulin ƙasar. Ba a yi rabin sa'a ba ta ce tana da lacca.

Da na fara koyon sana'ar dashe a hannun Mama Rahila, tankaɗen ƙasa shi ne aikina na shekarar farko, ba wani abu. Kwano uku na jar ƙasa, biyu na yashin rafi, ɗaya na kashin awaki wanda ya shekara ya huce. In takin sabo ne, ya ƙone saiwa kafin ta buɗe ido. A tankaɗe da rariya, a fitar da tsakuwa da gutsuren kwalba, a dunƙula a hannu. In ta dunƙulu ta ƙi warwarewa, yumɓu ya yi yawa. In ta ƙi dunƙuluwa, yashi ya yi yawa. Wata rana hannuna ya yi kanta, na ce, "Mama, ni fa na gama sakandare."

Ta ce, "To madalla. Karanta wa ƙasar, mu ga ko zai tankaɗu."

Kayan aikin ba su da yawa, duk na gida ne. Ledar ruwan sha da yara ke tsinto mana, a yanke baki, a huda gindi wuri huɗu da ƙusa. Tsohon cokalin miya na zuba ƙasa. Gwangwanin madara da aka hudhuda, na yayyafi. Almakashin da tela ya gaji da shi. Sai tsohon zane na tarar iri. Cokalin nan har yau yana nan, bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya, gefen da nake karkata hannu.

Tarar iri kuwa sai da na shiga shekara ta biyu Mama Rahila ta yarda na taɓa. Idan furen ya bushe ya koma ruwan ƙasa, a shimfiɗa zane a gindin katanga, a girgiza reshe a hankali. Ƙwayar ba ta kai wake ba, tana da kusurwa uku. Kowace ɗaya sai an danna ta da farce. Mai tauri ita ce iri. Wadda ta lotse fanko ce, ko shekara za ta yi a leda ba za ta tsiro ba. Na tambaye ta me ke sa wata ta cika, wata ta zama fanko. Ta nuna min ƙudan zuman da ke ta kai da kawo a kanmu.

"Su ne masu aikin. Ni da ke 'yan tara ne kawai. Furen da bai samu baƙo ba, ba ya haihuwa."

Daga hantsi zuwa azahar katangar nan ruri take yi, kamar injin niƙa daga nesa. Da farko tsoro nake ji, ina rufe yara a ɗaki. Sai na lura ba ruwansu da kowa matuƙar ba a kai musu duka ba. Nakan yi shanya a ƙarƙashinsu, su bi ta gefen kunnena su wuce. Akwai sura guda da Allah ya sa wa sunansu; tun ina Islamiyya na haddace ta, amma sai a gindin katangar nan na riƙa tsayawa a kan ayoyin.

Ban ruwa shi ne inda masu saye suka fi kashe shi, kuma da ƙauna suke kashe shi. Wata Hajiya daga Gwallaga ta sayi goma, bayan sati uku ta dawo min da su ganye ya yi rawaya, tana faɗa tun daga zaure. "Kin sayar min da mai ciwo! Safe da yamma nake ba shi ruwa, ko jikana ban kula da shi haka ba." Na ce, "Hajiya, ai shi ke nan ciwon." Wannan fure a ƙarƙashin ƙasa yake ajiyarsa. Saiwarsa tana yin ƙulli kamar ƙananan dankali, nan yake ɓoye ruwan rani. In ya kafu, ruwan alwala da na wankin shinkafa sun ishe shi. Wasu kuma da sun ga ya bushe da bazara sai su ce ya mutu, su sa a tone. Ba mutuwa ya yi ba. A datse shi daidai gwiwa a ƙyale shi. Ruwan farko na sauka zai tashi.

Akwai masu cewa, "Ina son furen, amma ban son ƙudan." Waɗannan nakan ce su je kasuwa su sayi na roba.

Cikin masu sayen da ba na mantawa akwai Baba Buba, wani dattijo mai kiwon zuma a amya daga wajen Gubi. A keke yake zuwa, ya jingine shi a ƙofar gida, ya zauna a zaure, ni ina daga bakin ƙofar ciki. Bai taɓa taya dashe ba. Yakan ɗauki shida ko bakwai, ya ajiye min kwalbar zuma, ya ce a lasa wa yara. Da ya ga yadda katangata da ta Mama Rahila suke fure har bayan kaka, lokacin da daji ya bushe, sai ya roƙi mai lambun bayanmu ya bar shi ya rataye amya huɗu a kan mangwaro. Ya ce min, "Ɗiyata, na kawo miki baƙi. Abincinsu yana wurinki, kwanansu yana wurina." Shekara biyar muna haka. Irin da na tara a shekarun nan ban taɓa tara kamarsa ba. A danna goma, da ƙyar a samu fanko ɗaya.

Sai Mama Rahila ta koma garinsu, gwiwoyi sun ƙi. Ranar da za ta tafi ta ba ni almakashinta, ta ce, "Amarya," don har na haifi biyar ba ta canja min suna ba, "abu biyu. Kada ki ba shi ruwa don tausayi. Kada ki ba shi magani yana cikin fure." Wanda ya sayi gidanta ya sare nata, ya malale tsakar gidan da siminti. Uwar shuka ta rage guda ɗaya a layin, tawa, wadda ta fito a gindin randa.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar. Ruwa ya sauka a makare, ya yi sati uku, ya ɗauke a tsakiyar damina. Gero ya tsaya iya gwiwa yana naɗe ganye. Rijiyarmu ta koma laka, sai 'yan garuwa, su ma sai an bi su da roƙo. Ciyawar bakin rafi ta ƙone, babu fure ko'ina. Amma furen mishan ko a jikinsa. Ya ɗebo daga ajiyarsa ya rufe katangar nan da hoda tun daga madafi har zaure. Duk ƙudan zuman da ke wannan yanki nan suka dawo, na amyar Baba Buba da na kogon itace. Rurin har a ɗaki ana ji. Maigidana ya ce in an yi sallama ba ya ji sai an maimaita.

A daidai lokacin wata sabuwar makaranta a hanyar Gubi ta aiko, suna son dashen da zai zagaye katangarsu gaba ɗaya in damina ta dawo. Ban taɓa samun aiki mai girman wannan ba. Duk irin kuwa daga furen da ke kan katanga a lokacin zai fito.

Sai farin ƙwaro ya sauka. Wanda yake mannewa a bayan ganye kamar an yayyafa auduga, yana tsotse reshe har ya lanƙwashe. Fari ne ke kawo shi. Na san maganinsa, Mama Rahila ta koya min: a daka ganyen dogon yaro, a jiƙa ya kwana, a zuba ɗan sabulu da toka, a yayyafa da tsintsiya a bayan ganye da la'asar sakaliya, bayan ƙudan sun koma gida. Amma sai an maimaita kwana goma sha huɗu, kowace rana bokiti biyu. Bokiti biyu, a shekarar da nake auna ruwan wanka da moɗa. Na yi kwana uku, ƙwaron yana ƙara hawa.

Ƙanin maigidana, Sale, manomin wake ne. Ya zo gaishe mu ya gan ni da tsintsiya da bokiti, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Matar yaya, wanka kike yi musu ko tofi? Ina da ragowar maganin wake a gida. Murfi ɗaya, kafin azahar kin huta."

Na ce, "An hana ni magani yana cikin fure."

"Wa ya hana ki? Tsohuwar da ta tafi? Ke dai ki kawar da yara, yana da ƙarfi."

Washegari ya aiko da famfon feshi na goyo da 'yar kwalba. Na zauna na yi tunanin lokaci. Da yamma gidan cike yake da yara, ga girkin dare a fili, ga masu zuwa sayen dashe. Lokacin da gida yake zama nawa ni kaɗai shi ne hantsi, bayan maigida ya tafi ofis, yara sun tafi makaranta. Kowace matar aure ta san wannan lokacin. A cikinsa muke duk abin da ba mu so a dame mu. Na kai autata Hafsa, tana da shekara huɗu, gidan maƙwabta. Na kulle kaji a akurki. Na rufe randa da faifai na ɗora dutse. Na kwashe shanya, na kife tukwane, na ɗaure hancina da ɗankwali. Babu wanda ban tuna da shi ba.

Kada ku ce ban ga ƙudan ba. Na gan su, katangar baƙi ƙirin take da su. Amma na sha ganin Baba Buba yana yi musu hayaƙi, su tashi su ba shi wuri, in ya gama su dawo. Na ɗauka wari ma haka ne. Na ce za su ji su gudu, gobe su dawo su tarar da gida tsaf. Na yi bisimilla, na fara daga madafi.

Ban kai zaure ba na fara jin abu yana faɗowa a kan ledojin dashe, tas, tas, kamar farkon yayyafi. Na ƙarasa duk da haka, don na riga na haɗa maganin. Na wanke hannu, na ɗora sanwar rana. Ina cikin yanka kuɓewa na ji wani abu ya canja a gidan, na rasa mene ne. Sai da na ji ɗigar randar maƙwabta ta bayan katanga, abin da ban taɓa ji da rana ba, sannan na gane. Rurin ne babu.

Sharar ranar ita ce aikin da ya fi kowane daɗewa a sana'ata. Tun daga gindin katanga har bakin rijiya a shimfiɗe suke, wasu sun mutu, wasu suna juyawa a bayansu da ƙullin garin fure a ƙafa. Tsintsiyar laushi na ɗauka. Ina cikin yi aka dawo da Hafsa. Ta tsaya a bakin zaure da takalmi a hannu.

"Umma, barci suke yi?"

Na ce, "Tsaya nan, kada ki taka."

Ta tsaya tana kallona har na gama. Sun cika kwanon awo biyu da rabi. Ban iya zuba su a bola ba. Na haƙa rami da cokalin nan a gindin uwar shukar, na rufe su, sannan na yi alwala na yi azahar a makare.

Kwana huɗu bayan nan Baba Buba ya yi sallama. Na leƙa na ga amya biyu ɗaure a bayan kekensa. Bayan mun gaisa ya cire hularsa yana juya ta a gwiwa.

"Ɗiyata, baƙinki sun ƙare. Biyu babu kowa a ciki sai gawa a bakin ƙofa. Biyun ma da suka rage ba su kai cikin tafi ba, ga 'ya'ya a saƙa babu mai ciyar da su. Na zagaya duk gonakin waken da ke kusa, in ga wane marar tsoron Allah ne ya yi feshi da rana tsaka. Kowa ya rantse wakensa ma bai yi fure ba bana."

Da na yi shiru, da ya tafi da zarginsa a kan manoma. Ƙofar ciki ce tsakaninmu, ba ya ganin katangar. Na ce, "Baba, ba manoma ba ne. Ni ce."

Na faɗa masa duka, har da kaji da faifan randa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da hantsi?"

"Da hantsi, Baba."

"Lokacin da kowa ya zo cin abinci."

Na ce ya yafe min, in kuma akwai abin da zan biya, ya faɗa. Ya mayar da hularsa.

"Ni na yafe, duniya da lahira. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma su ba su jin ban haƙuri, ɗiyata. Ni ma ban san ta inda ake ba su ba."

Da yamma ya sauke sauran amya biyun ya mayar Gubi. Ya ci gaba da aiko min da gaisuwa har Allah ya karɓi abinsa, amma bai sake rataye amya a bayanmu ba.

Ƙwaron ya mutu, wannan gaskiyar Sale ce. Furen ya ci gaba da fitowa, kyakkyawa, babu tabo, babu kowa a kansa. Da ya bushe na shimfiɗa zane na girgiza. Na zauna da faifai ina dannawa da farce tun daga la'asar har aka kira magariba. Fanko, fanko, fanko. Abin da ya cika bai rufe gindin kofin shayi ba. Na aika wa makarantar cewa ba zan iya ba. Suka sa waya mai ƙaya a katangarsu.

Raba saiwa shi na koya bayan nan, ba malami, don babu iri. A jira bazara, a tone gefen uwar a hankali da cokali, a yanko ƙulli ɗaya da ɗan wuyansa, a shafa toka a bakin yankan, a sa a leda a inuwa. In an ɗebi da yawa, uwar ta rame. Inda nake fitar da dashe ɗari a da, na koma goma sha biyar, rabinsu ma su ruɓe. Masu saye suka ragu. Maigidana ya ce, "Ki haƙura ki cire shi mana, ki sa zogale. Ko miya ma sha." Na ce ya ba ni shekara ɗaya. Da ta cika na sake roƙon wata.

Kowace safiya nakan zuba ruwa a kasko, in jera tsakuwa a ciki yadda mai sha ba zai nutse ba, in ajiye a gindin katanga. Ƙadangaru suka sha, tsuntsaye suka sha. A shekarun nan aka yanka lambun bayanmu fuloti-fuloti, aka sare mangwaron ɗaya bayan ɗaya. Ko da akwai mai niyyar dawowa, masaukinsa ya tafi.

Shi ya sa duk wanda ya zo koyo a wurina, ba da leda nake farawa ba. Nakan zaunar da shi a gindin katanga da hantsi, in ce ya faɗa min abin da yake ji. In ya ce ba ya jin komai, in ce to a da ba a jin sallama a nan. Ba na sayar wa kowa dashe sai ya yi min alkawari da bakinsa: babu feshi yana cikin fure, ko na sauro ne. Wasu suna dariya, su ce Mama ta mayar da fure amana. Amana ce. Yanzu ana samun ƙudan, jefi-jefi, ina tara irin da zai riƙe sana'ar. Rurin nan dai bai dawo ba, kuma na daina sa ran zan sake jin sa.

Damina ta uku bayan feshin ce, ranar Asabar, babu makaranta. Na gama wanke-wanke na ɗauko tsintsiya zan share gindin katanga, don fure ya zuba. Hafsa, tana da shekara bakwai a lokacin, tana tsugune a gaban kaskon ruwa. Ban taɓa tayar mata da maganar ranar nan ba, na ɗauka ta manta. Sai na ga ta taso a kan yatsun ƙafa, ta zo ta riƙe min hannu da hannayenta biyu, ta yi ƙasa da murya.

"Umma, guda ɗaya ta zo, tana shan ruwa. Ɓoye tsintsiyar nan, kada ta gane gidan ne."